Bishiya Ma Tana da Asali

 

A ƙasar Hausa, idan saurayi ya aiko neman aure, kafin a tambayi gonarsa ko shagonsa, asalinsa ake fara bincikawa. Ɗan gidan wa ne? Wane ne kakansa? Daga wane gari suka taso, kuma da me aka san gidansu? Mai sayen doki ma haka yake yi, yakan so ya ji labarin uwa da uban abin da zai ɗaure a turkensa. To, yau zan kai ku wani wuri da ake yi wa bishiya irin wannan binciken, kuma duk tambayar da mutum ya yi, sai a buɗe kundi a karanto masa amsa.

Wurin yana birnin Boston na ƙasar Amurka. Sunansa Gandun Bishiyoyi na Arnold, kuma Jami'ar Harvard ce ke kula da shi. An kafa shi a 1872 da dukiyar da wani attajiri mai suna James Arnold ya bar wasiyyarta, a kan filin gona da wani attajirin, Benjamin Bussey, ya bar wa jami'ar. Faɗinsa eka 281 ne, wato kimanin hekta 114. A cikinsa akwai manyan bishiyoyi da gajerun itatuwa da masu yaɗo sama da 15,000, na iri fiye da 2,000. Kowace guda tana da lambarta, tana da shafinta.

A 1882 jami'ar da hukumar birnin suka ƙulla wata yarjejeniya. Filin ya koma hannun birni, birni kuma ya ba jami'ar hayarsa ta shekara 1,000, a kan dala ɗaya kowace shekara. Birni ya ɗauki nauyin hanyoyi da katanga da tsaro, jami'a ta ɗauki nauyin itatuwa, jama'a kuma su shiga kyauta kullum. Mai sauraro, ɗan tsaya a kan wannan adadi. Shekara dubu! Duk wanda ya sa hannu a takardar nan ya san ko tattaɓa kunnensa ba zai ga ƙarshenta ba. To, ta wace hanya mai dashen yau zai sanar da mai ban ruwan da za a haifa bayan ƙarni uku abin da ya sa a ƙasa? Hanya ɗaya ce tak, rubutu.

Shugaban gandun na farko, Charles Sprague Sargent, ya fahimci haka tun da wuri. Ya kama aiki a 1873, ya riƙe shi har mutuwarsa a 1927, shekara 54 ke nan. Shi da mai rainon dashensa, Jackson Dawson, suka ɗora gandun a kan al'ada guda: duk irin da ya shigo, a ba shi lamba, a rubuta inda ya fito. Da litattafai da katuna aka fara, yau ana yi da kwamfuta, amma al'adar tana nan yadda suka bar ta.

Bari mu matsa kusa da bishiya ɗaya mu gani. A gindinta, ko a jikin wani reshe na ƙasa, za ka tarar da ɗan fallen ƙarfen alminiyam, bai fi girman katin shaidar ɗan ƙasa ba. Rubutun da ke kansa ba da tawada aka yi ba, buga shi aka yi ya fito ɓaro-ɓaro, don kada ruwa ya wanke shi ko rana ta kodar da shi. Idan ka shafa da yatsa za ka ji tudun haruffan. A kai akwai lamba, da sunan bishiyar na kimiyya, da danginta, da yadda ta zo, ko iri ne, ko yankan reshe, ko aure aka yi mata kamar yadda ake yi wa mangwaro, sannan ga wurin da aka samo ta.

A ce lambar da ka gani ita ce 120-85, sai tauraro, sai harafin B. Ma'anarta, wannan shi ne kaya na 120 da gandun ya karɓa a 1985. Idan ƙunshin iri guda ne ya zo, aka shuka, tsirrai huɗu suka rayu, to duk lambarsu ɗaya, domin 'yan uwa ɗaya ne, sai a bambanta su da haruffa: A, B, C, D. Idan kuma bishiya ta tsufa aka yanki reshenta aka raini sabuwa, sabuwar za ta sami tata lambar, amma kundi zai nuna 'yar wance ce. Da haka ake bin salsala daga jika zuwa kaka, har a dangana da dajin da aka fara tsinto irin.

Maganar inda aka samo ta ita ce zuciyar aikin. Kashi huɗu ake kasa itatuwan: wadda aka ɗebo kai tsaye daga daji, da wadda aka raina daga uwar da aka san daga daji ta zo, da wadda ta fito daga wani lambu, sai wadda ba a tabbatar da asalinta ba. A idon mai yawon shan iska duk ɗaya suke, kowace tana da inuwa. A wurin mai bincike kuwa, tsintacciyar mage ba ta mage. Bishiyar da aka san tsaunin da ta fito, da tsayinsa, da ranar da aka tsinko irinta, da sunan wanda ya tsinko, ita ce za a iya yin gwaji da ita a kafa hujja, ita ce kuma za a iya mayar da 'ya'yanta gida idan na daji suka ƙare. Shi ya sa a gandu irin wannan akan sare lafiyayyar bishiyar da ba a san asalinta ba, don a ba 'yar asali wuri.

Wani zai ce, to me ya sa sai da lamba, suna bai isa ba? Ai suna yawo yake yi. Dubi bishiyar nan da aka kawo mana daga yankin Indiya: wani gari su ce darbejiya, wani su ce dogon yaro, wani maina, wani bedi. Sunan kimiyya ma, da aka yi don ya kashe wannan gardama, shi ma yakan sauya idan ilimi ya ƙaru. Gawon da ke gonakinmu an daɗe ana kiransa Acacia albida, yanzu Faidherbia albida ake ce masa. Kaɗanya ta taɓa zama Butyrospermum parkii, yau ita ce Vitellaria paradoxa. Wani lokaci kuma sai bishiya ta girma ta yi fure sannan a gane sunan da ta zo da shi kuskure ne. A gyara suna sau nawa aka ga dama, lamba ba ta motsi. Ita ce turken da aka ɗaure duk tarihin bishiyar a jikinsa.

Amma ba wa bishiya lamba aikin yini ɗaya ne. Wahalar tana wajen bibiya. Alama takan faɗi, yaro yakan cire, iska takan karya reshen da aka rataya ta. Wani lokacin bishiyar da aka dasa ta mutu, wani baƙon tsiro da tsuntsu ya yar da irinsa ya fito a gurbinta, ya gaji alamar da ba tasa ba. Idan aure aka yi wa bishiya, kan na sama yakan mutu, gindin ya tofo, a wayi gari suna na wata, ganye na wata. Maganin wannan shi ne taswira da zagaye.

A shekarun 1930 aka auna filin gandun aka zana taswirar da ke nuna mazaunin kowace bishiya. Ana cikin wannan zamani, ranar 21 ga Satumba 1938, wata gagarumar guguwa ta afka wa yankin, ta kayar ko ta lalata bishiyoyi kusan 1,500 a gandun cikin 'yan sa'o'i. Ka ƙiyasta halin ma'aikaci washegari, yana tsaye a tsakiyar kututtura da rassa sun hau kan juna. Wacce ce ta faɗi? Wacce ce ba ta da 'yar uwa a ko'ina, da za a yi maza a ceci reshenta kafin ya bushe? Ƙwaƙwalwar mutum ɗaya ba za ta amsa wannan ba, sai kundi. A 1985 kuma, bisa buƙatar wannan gandu, aka ƙirƙiro manhajar kwamfuta mai suna BG-BASE don adana bayanan itatuwa masu rai, daga baya lambuna da dama a ƙasashe daban-daban suka ɗauke ta. Yau mai ziyara yana iya buɗe taswirar gandun a wayarsa, ya nemi bishiya, ta kai shi har gindinta.

Duk da haka, kwamfuta ba ta zuwa daji. Ƙafa ce ke zuwa. An tsara aikin yadda kowace bishiya za a ziyarce ta a duba ta aƙalla sau ɗaya cikin shekara biyar. Ma'aikaciya za ta zo da taswira da igiyar awo. Ta durƙusa ta share ganyen da ya rufe gindi, ta nemo alama, ta karanta lamba, ta gwada da abin da ke rubuce. Ta ɗaga kai ta dubi ganye da ɓawo, ta tabbatar wannan ɗin dai ita ce. Ta auna kaurin gangar jikin daidai ƙirjinta. Idan wayar da aka ɗaura alamar ta fara cin ɓawo saboda bishiyar ta yi ƙiba, ta sassauta. Sannan ta rubuta hali: lafiya ƙalau, ko da dama-dama, ko tana jin jiki, ko ta mutu, ko an nema ba a gani ba. Ta matsa gaba. Idan aka gama zagaye, sai a koma farko.

Abin da ya fi taɓa ni a tsarin nan shi ne, bishiyar da ta mutu ba a goge sunanta. Shafinta yana nan, da ranar da aka tarar da ita, da abin da ake zaton ya kashe ta, ko sanyi, ko ƙwaro, ko fari. Matattun da ke cikin kundin sun fi masu rai yawa nesa ba kusa ba, kuma kowace tana koyar da darasi. Idan iri kaza daga kwari ya kasa jure hunturun Boston sau uku, amma ɗan uwansa na kan tsauni ya rayu, wanda zai fita neman iri gobe ya san inda zai dosa. Waiwaye adon tafiya ne, amma sai da sawu a ƙasa ake waiwaye.

To, me wannan haƙuri ya haifar? Ga misali. A 1907 wani Bature ɗan Ingila mai farautar tsirrai, Ernest Henry Wilson, ya haƙo 'yan tsirrai biyu a lardin Hubei na ƙasar Sin, ya aiko da su Boston. Bishiyar ana ce mata Acer griseum. Ɓawonta ja ne kamar kirfa, yana saɓulewa siriri-siriri yana nannaɗewa kamar takarda, idan hantsi ya haske shi sai ka ce garwashi. Aka ba su lamba 12488, irin ta dā wadda ba a haɗa ta da shekara, ɗaya A, ɗaya B. Wilson ya mutu a 1930, amma bishiyoyin nan biyu sun haura shekara ɗari a tsaye. Da masana suka bi kundayen lambunan Turai da Amurka, sai suka ga kusan duk irin wannan bishiya da ke ƙasashensu ta fito ne daga ɗan abin da Wilson ya kawo a 1901 da 1907. Wato dubban bishiyoyi, amma kusan gida ɗaya ne, alhali a dajin Sin tana neman ƙarewa. Dangin da jininsu bai yalwata ba, cuta ɗaya tana iya share su. Wannan ne ya sa a 2015 ma'aikatan gandayen Amurka da takwarorinsu na Sin suka bi lardi-lardi suna neman ragowar na daji. Ba don tsohon rubutu ba, da yawan da ake gani a lambuna ya ruɗi kowa, an ɗauka babu matsala.

Ga wani. A 1941 wani masani ɗan Japan, Shigeru Miki, ya raɗa wa wata bishiya suna Metasequoia, wadda bai san ta ba sai ta sawun ganyenta a jikin duwatsu, ana ɗauka ta shuɗe tun miliyoyin shekaru. Cikin shekarun nan sai ga ta an tarar da ita da rai a wani ƙauye a tsakiyar Sin. A 1947 gandun Arnold ya aika dala 250 don masanan Sin su tattaro irinta, irin ya iso Boston a Janairun 1948, aka rarraba shi ga lambunan duniya. Yau idan ka tsaya a gindin tsofaffin da ke gandun, ka ga lambarsu ta ƙare da 48, ka san kana tare da 'yan fari. Akwai kuma wata bishiya mai suna Franklinia, wadda John Bartram da ɗansa William suka gani a bakin kogin Altamaha na jihar Jojiya a 1765. Tun farkon ƙarni na 19 ba a sake ganinta a daji ba. Duk wadda ke raye a duniya yau jikar irin da suka adana ce a lambunsu na Filadelfiya.

Misali na ƙarshe shi ya fi ba ni mamaki, domin waɗanda suka yi aikin ba su san amfanin da zai yi ba. Tun ƙarni na 19 ma'aikatan gandun kan yanki reshe mai fure, su danne shi ya bushe, su manna a takarda, su rubuta kwanan wata da lambar bishiyar, su ajiye. A 2004 masu bincike daga Jami'ar Boston da abokan aikinsu na gandun suka wallafa abin da suka gano bayan sun ɗauko irin waɗannan takardu 372, na itatuwa 229 da har lokacin suke raye. Sun gwada ranar furen dā da ta yanzu a jikin bishiya guda, a wuri guda. Sai ga shi itatuwan da aka duba tsakanin 1980 da 2002 suna riga na tsakanin 1900 da 1920 yin fure da kimanin kwana takwas, a birnin da zafinsa ya ƙaru da digiri ɗaya da rabi tun 1885. Magatakardan da ya rubuta kwanan wata a 1910 bai taɓa jin ana maganar ɗumamar yanayi ba. Aikinsa kawai ya yi tsakani da Allah, bayan ƙarni guda rubutunsa ya zama shaida.

Jama'a, wannan magana ta wuce Boston. Wani rahoto na 2021 daga ƙungiyar lambunan tsirrai ta duniya, BGCI, ya nuna cewa cikin nau'o'in bishiya kusan 60,000 da aka sani, kashi 30 cikin 100 suna fuskantar barazanar ƙarewa. Wani bincike na 2017 kuma ya nuna lambunan tsirrai suna riƙe da kusan kashi ɗaya cikin uku na tsirran da aka sani, amma mafi yawan abin da aka adana na ƙasashen sanyi ne, na ƙasashen zafi irin namu an bar su a baya. Hunturun Boston ba zai bar kuka ko ɗorawa ko madobiya su rayu a fili ba. Madobiyar nan kuwa an sare ta a Afirka ta Yamma har sai da aka sa ta cikin itatuwan da ake taƙaita cinikinsu tsakanin ƙasashe daga 2017. Idan za a adana ta da asalinta, a ƙasarta za a yi, mu ne kuma za mu yi.

Ba mu rasa tushe ba. Tun 1916 wani likita ɗan Sikotland, J. M. Dalziel, ya wallafa ƙamus na sunayen tsirrai da Hausa, kuma daga bakin mutanen ƙasa ya ji su. Muna da cibiyar binciken gandun daji a Ibadan, muna da lambunan tsirrai a jami'o'inmu. Muna da mafarauta da makiyaya da masu maganin gargajiya da suka san kowane icce da ɓawonsa da lokacin hudarsa. Abin da ke ƙaranci shi ne ɗorewa. Na san wani lambun makaranta da malamin gona ya tara itatuwa iri-iri, ya rubuta sunayensu a fallayen gwangwani da fenti. Ya yi ritaya, fenti ya goge, gwangwani ya yi tsatsa. Bishiyoyin suna nan sun yi girma, ɗalibai na hutawa a ƙarƙashinsu, amma babu mai iya faɗa maka daga ina aka kawo ko da guda ɗaya. Haka kuma kowace damina mukan ji adadin dashen da aka yi a bukukuwa, da wuya mu ji adadin da ya kai bazara ta uku da rai.

Aikin nan ba ya jiran kuɗi masu yawa. Littafi mai bango mai ƙarfi, da biro, da alamar da ruwa ba ya ci, sun isa a fara. Ranar dashe a ba kowace bishiya lamba. A rubuta sunanta na gida da na kimiyya, da garin da aka samo irin, da wanda ya kawo. A zana taswira ko da ta hannu ce, ga kuma wayoyin zamani suna nuna daidai inda mutum yake tsaye. A yi kwafi biyu a ajiye a wurare biyu, saboda gara da gobara. A sa rana guda a shekara, bayan kaka, a zagaya a duba kowace ɗaya, a rubuta mai rai, a rubuta matacciya. Idan ma'aikaci zai bar aiki, ya miƙa littafin hannu da hannu kamar yadda ake miƙa makullin ofis.

Malamanmu sun karantar da mu cewa dashen bishiya sadaka ce, mai ita yana samun lada muddin mutum ko tsuntsu ko dabba na ci daga gare ta. Ilimin da aka bari ana amfana da shi ma yana cikin abin da ke bin mutum bayan ransa. Wanda ya dasa kuma ya rubuta, ya haɗa biyun. Bayan shekara sittin wata yarinya za ta durƙusa a gindin wata madobiya, ta share ƙasa, ta karanta lamba, ta buɗe littafi, ta ga sunan dajin da aka tsinko irin da rubutun hannun wanda ya tsinko. Wataƙila dajin ya zama gari a lokacin. Amma za ta san abin da ke gabanta, za ta kuma san inda za ta mayar da 'ya'yansa.

A nan za mu dasa aya a sharhinmu na yau. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya raya abin da muka dasa.